Saƙon da Bai Isa Gida Ba

Ni mai shayi ne. Teburina yana cikin Katsina, ba nisa da Ƙofar Ƙaura, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina riga ladan tashi don in hura wuta. Kallo ba ya cikin abubuwan da nake ba lokaci, sai dai idan ciniki ya lafa, in jingina waya da gwangwanin madara in ɗan rage dare kafin mu kwashe kaya. A hunturun bara na miƙa wa yaron da ke tura finafinai a layinmu memorina, na ce ya zuba mini na Indiya, tsofaffi, irin waɗanda muka tashi da su. Ya zuba tara. Takwas daga ciki tun kafin in buɗe na san yadda za su kaya: za a raba masoya, za a yi waƙa a kan dutse, jarumi zai sha duka sannan ya rama. Na taran sunansa Salaam Bombay. Shi kansa mai turawar bai taɓa kallonsa ba, cika mini adadi kawai ya yi da shi.

Fim ɗin ya buɗe da wani yaro mai suna Krishna yana aikin wahala a wajen wasu masu wasa da ke yawo gari-gari da ƙaton tanti. Maigidansu ya aike shi sayayya, kafin ya dawo sun naɗe tantin sun yi gaba, sai fili fetal. Da 'yan canjin da ke hannunsa ya je tashar jirgin ƙasa ya ce a ba shi tikitin babban birnin da ya fi kusa. Haka ya faɗo Bombay, garin da tun 1995 ake kira Mumbai. Wanda aka tura mini ba mai fassarar Hausa ba ne, rubutun Turanci ke wucewa a ƙasa, ni kuwa Turancina a aji biyu na ƙaramar sakandare ya tsaya. Amma wanda ya daɗe yana kallon Indiya ba ya rasa tsintar kalmar kuɗi da ta uwa da ta shayi, kuma gaskiya fim ɗin bai nemi tafinta ba. Can sai ga yaron ɗauke da wani ɗan kwandon waya, an jera kofunan gilashi cike da shayi, yana kutsawa lungu-lungu, yana hawa bene yana sauka. Babu mai ce masa Krishna kuma. Chaipau suke kiran sa, wato shayi da burodi.

Nan na kife wayar. Yarona da ke wanke kofuna ya ɗago ya ce, "Maigida, caji ne ya ƙare?" Na ce masa e, don ban san me zan ce ba. Shekara huɗu na yi a wata tasha a garin nan babu wanda ya san sunana na yanka. Ɗan shayi ake ce mini, masu kirki su ce ɗan Daura.

An haife ni a 1987 a wani ƙauye tsakanin Daura da Mai'aduwa. Ni ne ɗan fari a wajen Inna. Mahaifina ya rasu ina aji huɗu na firamare, muka koma hannun baffana. A 2001, ina shekara goma sha huɗu, ran wata Lahadi baffa ya ba ni kekensa in kai kaji biyu kasuwar Mai'aduwa. Na jingine keken jikin wata rumfa, na juya ina ciniki, na waiwayo babu shi. Har la'asar sakaliya ina zagaye ina leƙa kowane keke. Keken nan shi ne ƙafar baffa, da shi yake zuwa gona, da shi ake kai mara lafiya Daura. Babu wanda ya kore ni, wannan ina so a sani, tsoro ne ya kore ni. Da magariba ta kawo jiki na haye bayan wata motar hatsi, gari ya waye mini a Katsina da kuɗin kaji biyu a aljihu, na kuma ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan koma ba sai da kuɗin keke. Shi Krishna uwarsa ce ta yanke masa, rupi ɗari biyar, saboda ya cinna wa babur ɗin yayansa wuta bayan ya gaji da cin zali. Ni da bakina na yanke wa kaina. Amma kayan nauyinsu ɗaya: ka kwanta da lissafi, ka tashi da lissafi, kullum kuɗin na matsowa kamar ka kama, kullum wani abu ya zo ya cinye.

Wani mai shayi a tashar da motocin Daura ke lodi ya ɗauke ni. Aikina ɗebo ruwa, wanke kofuna, da bin direbobi da 'yan kamasho da shayi duk inda suke. Kwana a ƙarƙashin tebur, a kan kwali. Wanda bai taɓa tsoma tsattsagaggen hannu a ruwa da asubar hunturun Katsina ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ladana naira ashirin a rana, amma ba ta shigowa hannuna, maigida ke ajiye mini. Duk ranar da na ce a yi lissafi sai a tuno kofin da ya fashe, da direban da ya sha bai biya ba, da sukarin da ya zube. Abin da nake riƙewa a hannu shi ne na dako da ɗan ihsanin fasinjoji, shi nake ƙullewa in aika wa Inna. A 2005 na koma gida, ba don kuɗin keke ya cika ba, sai don zazzaɓi ya kusa kai ni lahira, wani direba ya ji tausayina ya sauke ni a Daura. Baffa ya dube ni ya ce, "Ka dawo?" Na ce na dawo. Daga nan babu wanda ya sake tayar da maganar har ya koma ga Allah.

Kwana uku ban koma kan fim ɗin ba, amma yaron bai bar ni ba, ina sheƙa shayi ina ganin ƙafafunsa a kan matakala. Ran Alhamis sanyi ya kori mutane da wuri, na sallami yarona ya je ya kwanta, na ja benci kusa da sauran garwashi na kalle shi daga farko har ƙarshe, kusan awa biyu.

Ba zan ɓoye ba, fim ne mai nauyi, kuma ba na yara ba ne. Unguwar da Krishna ke kai shayi ta mata masu zaman kansu ce, akwai wuraren da mutum zai kau da kai. Nan aka kawo wata yarinya daga Nepal da aka sayar kamar akuya, ita ma ba a kiran sunanta, Sola Saal ake ce mata, wato 'yar sha shida. Akwai Baba, mai riƙe da unguwar da cinikin ƙwaya, Nana Patekar ne ya fito a matsayinsa. Akwai kuma Chillum, mai sayar wa Baba kaya, shi ma kayan sun riga sun cinye shi. Chillum ne ya fara jan Krishna a jiki, ya zama masa kamar wa. Shi ya nuna masa rami a jikin bango inda zai riƙa ɓoye kuɗinsa, shi ne kuma ya kwashe kuɗin ranar da jarabar ta motsa masa. Bai daɗe ba ya mutu. Duk wanda ya yi zaman tasha ya san irin Chillum. Namu sholisho yake shaƙa a tsumma. Shi ya hana manyan yara dukana a makon farko, shi ya sace mini takalmi a wata na biyu, kuma har yau idan na tuna shi addu'a nake masa.

Daga nan abin sai gangara. 'Yan sanda suka tsinci Krishna da wata ƙaramar yarinya, Manju, da dare suna dawowa daga aikin biki, aka kai su gidan tsare yara. Uwar yarinyar ta je karɓo ta aka hana ta saboda sana'arta. Krishna ya gudo ya koma unguwar, ya tarar wani ya gaji aikin Chillum har da sunan, Sola Saal kuma ta riga ta saduda. A ƙarshe ya daɓa wa Baba wuƙa don ya ceci uwar Manju, suka fita da gudu suka faɗa cikin cunkoson wani bikin addininsu, taron ya raba su. Sai ga shi shi kaɗai, ya zauna, ya ciro 'yar katantanwarsa yana naɗa mata zare, hawaye na zuba. Mai ɗaukar hoton bai matsa ba, bai kuma yi sauri ba, ya tsaya a kan fuskar nan har na ji kamar in sa hannu in rufe. Ina ta jira. Indiya ta saba mana, idan duhu ya kai haka to uwa na gab da ɓullowa, ko wani attajiri ya tsaya da mota, ko a gano ashe yaron ɗan sarki ne. Sai kawai rubutu ya fara hawa. Ɗari biyar ba ta cika ba, gida kuma bai koma ba.

Abin da na fara ji haushi ne. Na ce wane irin rashin imani ne wannan, a wahalar da yaro awa biyu a gabanka sannan a bar shi a titi? Na kwashe kaya ina huci na tafi gida. Amma daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, har sai da maiɗakina ta tashe ni, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta dubi idona ta ce, "Malam, lafiya? Ko hayaƙi ne?" Na ce fim na kalla. Ta ce, "Mutum ya wuni a tsaye gaban wuta, abin da zai huta da shi kuma ya zama abin kuka? Ka goge shi mana." Tausayina ne ya sa ta faɗi haka, na sani. Ban goge ba.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina, ina neman dalilin da ya sa abu mai ɗaci haka ya sauke mini nauyi. Duk lokacin da na ɗan buɗe baki a kan zaman tasha, amsar mutane ɗaya ce: ai ya wuce, ga shi Allah Ya rufa maka asiri, bayan wuya sai daɗi. Gaskiya suke faɗa, kuma alhamdu lillahi, ina da teburin kaina, ina da iyali. Sai dai duk maganganun nan da ni na yau suke yi. Yaron da ke ƙarƙashin tebur tsallake shi suke yi, kamar wahalarsa kuɗin mota ce da aka biya don a iso nan. Shi kuwa a lokacin bai san akwai wani daɗi a gaba ba, sanyi kawai ya sani da lissafin da ba ya cika. Fim ɗin nan ne ya fara ƙin tsallake shi. Bai ce masa ya yi haƙuri ba, bai yi masa alkawarin komai ba, zama ya yi kusa da shi irin na gidan makoki, inda ba sai ka ce uffan ba, zuwanka ya isa. Da an rufe shi da waƙa da rawa, da na ce ƙarya ne, irin tamu ba ta ƙarewa haka, in juya in manta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Awa biyu ina kallon Krishna, ko sau ɗaya zuciyata ba ta kama shi da laifi ba. Ya yi wauta, ya yarda da wanda bai kamata ba, har sata ya shiga, amma abin da nake gani yaro ne da duniya ta fi ƙarfinsa. To ni fa? Shekara ashirin da ɗoriya ina kiran kaina sakarai a kan keken nan, ni na juya baya, ni na gudu, ni na jawo. Babban ɗana yanzu shekararsa goma sha biyu. Na tsaya a kansa yana barci na ce, wannan da ƙarin shekara biyu, shi ne wanda na hana wa afuwa tun 2001. Tun muna makarantar allo muke biya Walluha, inda Allah Ya hana a ƙuntata wa maraya, ban taɓa lura cewa marayan da na fi ƙuntata wa ni ne ba.

Wani ɗan gajeren wuri ne a fim ɗin ya tayar da ni tsaye. A kallon farko ya wuce ni, a na biyu ya tsaya mini a maƙoshi. Krishna bai iya rubutu ba, sai ya je wajen mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin titi, ya faɗi abin da yake so a gaya wa uwarsa. Da aka zo kan adireshi, abin da ya sani bai isa a kai takarda ba. Ya biya ya tafi. Yana juya baya mutumin ya yar da wasiƙar, kuɗin kuwa sun shige aljihu.

Na mayar da wurin baya ya fi sau goma. Ni ma ina da mai kai mini saƙo, wani yaron mota da ke bin hanyar Daura. Duk sanda na haɗa ɗari ko ɗari biyu sai in ƙara da sabulu in ba shi, shi kuma ya ce zai miƙa wa wani mutumin garinmu mai sayar da goro a Daura. Sau goma sha ɗaya, ina da lissafinsu har gobe. Idan ya dawo in tare shi jiki na rawa in ce, "Yaya, an kai?" Ya ce an kai. In ce, "Me ta ce?" Ya ce, "Ba ta ce komai ba."

Ban taɓa zargin sa ba, don amsar ta yi kama da Inna. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta zama inda nake zaune, ko a gida ma magana tsakaninmu ba ta wuce ta aike. Sai na ɗauka kunya ce ta haɗu da fushi. Na haɗiye abin, na girma da shi, na yi aure da shi. Duk wata ina aika mata abin da ya sawwaƙa, duk Sallah ina zuwa gaisuwa, amma can ƙasan zuciyata akwai yaron da ya aika sau goma sha ɗaya aka ƙi ce masa ko sannu. Sai da na ga abin da mai rubutun nan ya yi, sannan tambayar ta faɗo mini: to idan ba a kai ba fa?

Kafin in samu ƙarfin zuwa gida na nemi sanin su wa suka yi wannan aiki. Ƙanen maiɗakina ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, yakan biyo ya sha shayi da yamma, shi ya bincika mini a wayarsa yana fassarawa. Wata mata ce 'yar Indiya, Mira Nair, ta shirya shi, ya fito a 1988, ina da shekara ɗaya a duniya. Ya ci kyautar da ake ba fim ɗin farko na mai shiryawa a bikin Cannes na Faransa, ya kuma shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar Oscar a Amurka. Mai rubuta wasiƙar nan Irrfan Khan ne tun ba a san shi ba, wanda daga baya ya shahara har a finafinan Amurka, ya rasu a 2020. Amma abin da ya sa na ajiye ludayi na zauna shi ne da ya ce yawancin yaran ba 'yan wasa ba ne, daga titi aka tattaro su aka yi makonni ana koya musu. Shi Krishnan sunansa Shafiq Syed, daga Bangalore ya gudo, a titin Bombay aka same shi. Shi ya sa. Akwai wani kallo da yaron da ya saba kwana a waje yake yi, ido ɗaya a kan abin hannunsa, ɗaya a kan hanyar gudu, wannan ba a koyar da shi.

Na ce, to yaron ya yi arziki? Ya ce an ba shi kyautar ƙasa ta gwarzon yaro ɗan wasa, amma harkar fim ba ta riƙe shi ba, daga baya an same shi a Bangalore yana tuƙa keke mai ƙafa uku, irin Keke Napep ɗin nan da suka cika titunan Katsina. Da kuɗin fim ɗin kuma an kafa wata gidauniya mai kula da yaran titi, Salaam Baalak Trust, tana nan har yanzu. Labarin Shafiq ya sosa mini rai, duniya ta tafa masa sannan ta saki hannunsa. Da na ƙara tunani kuma sai na ga ai kamar nawa ne, ya rayu, yana neman halalinsa, yana da gidan komawa da dare.

Mafi wuyar abin da fim ɗin ya yi mini ba a kan abin da ya wuce ba ne. A cikinsa akwai mai shayin da Krishna ke yi wa aiki, yana riƙe da kuɗin yaron, yana zaftarewa idan kofi ya fashe. Kallo biyu na yi ina jin zafinsa, ina ganin fuskar tsohon maigidana. Na uku tare da maiɗakina muka yi, ran wata Juma'a, da aka zo wurin sai ta ce a hankali, "Malam, shi yaronka nawa yake bin ka?" Na kasa amsawa. Yaron shekararsa goma sha uku, daga wani ƙauyen Batsari suke, 'yan bindiga suka tashe su kamar yadda suka tashi ƙauyuka da yawa a can da Jibiya da Safana. Uwarsa na zaune wajen dangi da ƙannensa, shi aka turo birni. Wata bakwai yana wajena, kuɗinsa na hannuna, lissafin yana kaina, babu rubutu. Kuma sau uku na cire masa kuɗin kofi. Ban taɓa jin ina zalunci ba, a ganina haka sana'ar take, haka aka yi mini. Washegari na sayi littafi, na zaunar da shi muka ƙirga kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya, na mayar da kuɗin kofunan, na rubuta jimla da manyan lambobi na ce littafin ya zauna a wajensa. Na kuma daina ce masa kai yaro. Yana da suna, mai kyau ma. Batun makarantarsa yana nan a wuyana, ban warware shi ba tukuna.

Sai da azumi ya matso na shiga motar Daura. Tafiyar kamar kilomita tamanin ce, ta Mashi, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Daga Daura na hau babur zuwa ƙauye. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa daga nesa kamar kullum, muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na kwana ban iya tambaya ba. Da hantsi, da gidan ya yi shiru, na matso na ɗebi gyaɗar ina taya ta, don hannu ya samu abin yi.

Na ce, "Inna, lokacin da nake tasha, saƙon da nake bayarwa yana isowa kuwa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "An kawo. Ɗari biyu, sabuwar takardar nan mai hoton Sardauna, da sabulu."

Na ce, "Sau nawa?"

Ta ce, "Sau nawa kuma? Sau ɗaya mana."

Na ce, "Sau goma sha ɗaya na bayar."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Mun daɗe a haka, ba ka jin komai sai kurciya a kan bedi. Sannan ta yi mini maganar da ta fi kowace tsawo tunda ta haife ni. Ta ce ranar da aka kawo saƙon nan ta soya ƙuliƙuli ta ƙulle, ta aika wa mai goro, ta ce a gaya mini baffana ya ce in dawo, keke ba ya zama ɗa. Ta ce baffa ya shiga mota ya zo Katsina, ya zagaya tasha biyu yana faɗin sunana da na mahaifina, kowa ya ce bai san mai wannan suna ba. Ya koma da dare ko tuwo bai taɓa ba. Da shiru ya yi yawa sai suka ɗauka saƙo ya same ni na ƙi, birni ya yi mini daɗi. Da na dawo a kwance kuwa, baffa ya ce kada wanda ya tayar mini da maganar, kada in sake gudu.

Gaskiya mutanen tasha suka gaya masa, ba su san mai wannan suna ba. Ni kuma a lokacin, da na hango mai kama da mutanen garinmu sai in shige bayan motoci. Ba mamaki a fili ɗaya muke ni da shi a ranar, yana nema ina ɓuya.

Inna ba ta yi kuka a gabana ba, ba kuma za ta yi ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ƙwaryar fura ta fito, ita ta dama, kuma ba ta ba wani yaro ya miƙo mini ba kamar yadda ta saba tun ina ƙarami. Da hannunta ta ajiye a gabana ta ce, "Sha, rana ta yi." Kafin in kamo hanya na biya maƙabarta wajen baffa. Shi kuwa yaron motar nan, tun 2005 ban sake sa shi a ido ba, kuma ban kai ga yafe masa ba tukuna. Ina dai tuna cewa shi ma a lokacin bai fi shekara ashirin ba, kuma a kan benci yake kwana.

Na dawo Katsina wata na ƙarewa, yarona ya ce a aika wa uwarsa rabin kuɗinsa. Muka je wajen mai POS tare, aka tura ta asusun wani kawunsa, na karɓi 'yar takardar na liƙa a littafinsa. Sannan na kira kawun na ce a haɗa ni da ita, na miƙa masa wayar na ce ya zaga bayan shago ya yi maganarsa, kada ya damu da kati. Ya daɗe. Har na sallami mutum huɗu, na soya ƙwai, na juye Indomie, bai dawo ba. Da ya dawo ya ajiye wayar kusa da gwangwanin sukari ya koma kan bokitin wanke-wanke, yana ta cuɗa kofi ɗaya.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce sun iso cif. Ta ce a gaishe ka. Wai ƙanwata ta fara tafiya."